Duka Ta Ci

Idan kana neman mutumin da ya san komai a Kuala Lumpur, kada ka wahalar da kanka, shi da kansa zai nemo ka. Alhaji Tajuddeen ke nan, maƙwabcinmu a hawa na goma sha huɗu na wani dogon bene a Sentul. Sana'arsa hidimar ɗalibai: ya samo maka ɗaki, ya aika maka da kaya gida, ya cika maka fom. Shekararsa goma sha ɗaya a ƙasar, kuma ba ka isa ka gama gaisawa da shi bai sanar da kai ba.

Babbar taƙamarsa yaren Malay. Ni dai iya abin da na taɓa ji a bakinsa shi ne makan (ci) da tapau (ƙunshe abinci) da boleh (ya yiwu), sai lah da yake liƙa wa kowace magana ko ta dace ko ba ta dace ba. Amma yana da wata fahimta tasa wadda ba ya so a taɓa masa. A cewarsa, Malay Hausa ce da ruwan sama ya daɗe yana duka.

"Ku duba mana," in ji shi. "Su ce dunia, mu ce duniya. Su ce Jumaat, mu ce Juma'a. Su ce sabun, mu ce sabulu. Duk kalmar da ta gagare ka, ka rarraba ta kawai, Hausar za ta fito da kanta lah."

A shekarar da nake ba ku labari, 'yan mata biyu ne a benenmu suka nemi wata kwaleji ta koyon haɗa magunguna. Ɗaya 'yarsa ce Bashira, wadda ta gama sakandare a Kano ta biyo iyayenta. Takardar zamanta za ta ƙare a ƙarshen wata, in ba ta samu makaranta ba komawa gida za ta yi, ta bar uwarta Hadiyya da ƙannenta. Ɗayar kuwa ƙawarta ce Khaulah, 'yar Malam Abdulgani, wani bawan Allah mai sanyin hali da ke karatun digirin digirgir a wata jami'a da ke Jalan Semarak. Malam Abdulgani ba ya ganin rana saboda ɗakin bincike, don haka ya danƙa wa Alhaji komai. Alhaji ya ture fom ɗin Turanci gefe, ya ɗauko na Malay, wai na 'yan ƙasa ya fi saurin tafiya. Bashira ta yi ta jira a cika nata, kullum gobe, har ta gaji ta cika na Turanci da kanta a waya. Wannan abu ya tsaya wa Alhaji a rai, ga gwani a gida yarinya ta yi gaban kanta.

Ranar Laraba amsoshin suka zo akwatin saƙonsa, duka biyun da Malay. Maimakon ya miƙa wa kowa tasa, sai ya tara gida biyu a falonsa, ya sa tabarau. Hambali ma yana nan, mai sayar mana da busasshen kifi da yaji, ya kawo wa Hadiyya saƙo. Shi kaɗai ne a Sentul ba ya barin maganar Alhaji ta wuce bai ɗanɗana ta ba.

Alhaji ya buɗe ta Khaulah, ya ɗora yatsa a kan kalmar farko.

"Dukacita," ya karanta, ya ɗago kai yana murmushi. "Allahu Akbar! Malam, kawo hannu. Duka, ci, ta. Wato duka ta ci. Ba ta bar musu ko ɗaya ba."

"Alhaji Taju," in ji Hambali, "duka ta ci, ko dai dukan ta ci? Ka san akwai bambanci."

"Kai da kifi ka saba, me ka sani a harshe?"

"Ni dai a tasha nake jin wannan kalmar, duk ran da jirgi ya makara."

"To ai shi ne! Suna gaya maka ka kwantar da hankalinka, duka jiragen suna tafe."

Malam Abdulgani ya ɗaga hannu sama yana hamdala. Alhaji ya buɗe ta biyu, ta Bashira. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Sai ya girgiza kai.

"Sukacita."

"Me ke nan, Abba?" in ji Bashira.

"Wannan ai ko jariri ya ji. Suka ci ta. Sun cinye ki, Bashira. Ga abin da nake gudu ranar da kika ce ke ma kin iya."

"Abba, don Allah a duba a waya."

"Waya? Wayar da aka ƙera bara ce za ta koya mini yaren da na yi shekara goma sha ɗaya ina ci da shi?"

"Abban Bashira, ba ta takardar ta gani da idonta mana," in ji Hadiyya.

"Ta ga me? Takardar baƙin ciki ce, ba za ta kwana a hannun 'yata ba."

Ya ninke ta ya riƙe. Ta Khaulah ma bai bayar ba, ya ce gilashi zai sa mata. Bashira ta shige ɗaki, ta rubuta a wayarta yadda ta ji daga bakin ubanta, kalma uku a rarrabe: suka ci ta. Wayar ta ɗauka Hausa ce, ta mayar mata da Turanci cewa lalle sun cinye ta. Yarinya ta kifa kai a filo ta yi kuka mai isarta, washegari ta fara haɗa kaya. Wallahi ta ba ni tausayi, don yarinya ce mai ƙoƙari, ba ta da hayaniya.

Shi kuwa Alhaji ya hango kasuwa. Ya ce walima za a yi wa Khaulah ranar Juma'a bayan masallaci, a zauren taro na ƙasan bene, duk Sentul su san wanda ya iya cika fom. Khaulah ta ce ita ba ta so, ƙawarta na kuka. Alhaji ya ce ai aiki daban, zumunci daban, ko 'yarsa ba ya yi wa alfarma.

Ranar Alhamis ya tafi Bukit Bintang wajen masu buga fosta. Ya ba da hoton Khaulah da farin hijabi, ya ce a rubuta DUKACITA da manyan baƙaƙe a sama, sunanta a ƙasa, sai rana da lokaci, sai lambar wayarsa. Mai shagon ya dubi hoton, ya dafe ƙirji, ya ce yarinya ƙarama haka?

"Shekara sha takwas kacal," in ji Alhaji yana washe baki. "Kuma lokaci ɗaya, ba ta sha wahala ba."

Daga nan ya wuce wajen mai kek, ya ce ita ma ta rubuta DUKACITA a kai. Matar ta tambaye shi har sau uku ko ya tabbata abin da za a rubuta ke nan, yana cewa boleh, boleh. Ya ce a yi wa kek ɗin ado da jajayen furanni, ta ƙi, ta sa farare. Da zai tafi ta haɗa masa da kwalin tishu kyauta. Ya dawo yana ba mu labarin karamcin mutanen ƙasar, wai har abin goge baki suke bayarwa.

A hanyar dawowa ya sayi sabuwar hula wajen wani ɗan Maiduguri. Da ya gwada ta a gida sai ta yi masa yawa, tana saukowa har gira. Ya laluba aljihu, ya samu wata takarda, ya ninke ta doguwa, ya zagaya ta a cikin hular. Ta zauna daram.

Da sassafen Juma'a ya liƙa fosta a bakin lif, ɗaya a ƙofar ƙaramin masallacin bene. Wanda ya fara gani shi ne Pakcik Sharif, wani dattijo Bamalaye, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ke kula da masallacin. Mutum ne mai son baƙi, kuma Khaulah kullum tana gaishe shi a lif. Ya tsaya gaban fostar ya yi salati, hawaye suka zubo masa. Kafin azahar labari ya gama hawa ashirin.

Ƙarfe uku zaure ya cika da namu. Ga dafa-duka, ga zoɓo, ga kek a tsakiya, sifika tana ta kiɗan biki. Alhaji ya sha babbar riga a wannan zafin, sabuwar hula a ka, yana raba katinsa. Hadiyya ta sauko ne kawai don kada a ce ta yi baƙin ciki, Bashira na bayanta idanu a kumbure.

Sai ga Pakcik Sharif ya shigo da mutum kusan talatin a bayansa. Maza riƙe da ƙananan littattafan Yasin, mata cikin tufafi masu duhu ɗauke da farantan abinci, kowa kai a sunkuye. Da suka ji kiɗa suka ɗan tsaya, suka dubi juna, wataƙila suka ce al'adar baƙi ce. Pakcik ya nufi Malam Abdulgani ya rungume shi yana kuka.

"Takziah," in ji shi.

Malam Abdulgani ya waiwayo. "Alhaji, kamar ta'aziyya na ji ya ce."

"Haka suke cewa barka. A wajensu kalmar juyawa ta yi. Ka ce na gode kawai."

"Kukan fa?"

"Na murna ne. Mutanen nan akwai taushin zuciya."

Matan suka ga idanun Bashira, suka kewaye ta suna shafa mata baya. Wannan ya sa ta sake fashewa da kuka, su ma suka taya ta. Alhaji ya ga taro ya yi taro, ya gyara riga ya matsa kusa da Pakcik. Da Turanci suka yi maganar, kowa yana ji.

"Yaushe abin ya faru?" in ji Pakcik.

"Shekaranjiya Laraba."

"Ta yi jinya ne?"

"Jinyar me? Lafiyarta ƙalau. Ni na yi aikin da hannuna."

Pakcik ya saki hannunsa. "Kai?"

"Ni ɗin nan. Sati biyu na gama da ita."

"Ubanta ya sani?"

"Shi ya kawo mini ita! Ga shi nan ka tambaye shi." Ya juya ga sauran yana miƙa kati. "Duk mai 'ya a cikinku ya kawo, yadda na yi wa wannan haka zan yi mata. Ba na ɓata lokaci lah."

Wata mata ta janye 'yarta ta ɓoye a bayanta. Wani ya zaro waya ya fara neman lambar 'yan sanda. Daidai nan ƙofa ta buɗe, Khaulah ta shigo, ta sha lalle da leshi ruwan hoda, tana sunne kai don kunya.

Wata tsohuwa ta ƙwalla ƙara ta saki faranti. Wanda ke kusa da taga ya nemi fita ta nan. Pakcik Sharif ya ja da baya har ya zauna a kan kujerar da babu ita, Hambali ya tare shi. Khaulah ta tsaya tana duba jikinta, ta zaci zaninta ne ya kwance.

Sai da aka kashe kiɗa, aka ba tsohuwa ruwa, sannan Pakcik ya iya magana. Ya nuna Khaulah, ya nuna fosta, ya tambayi wanda ya rubuta wannan kalma. Alhaji ya buga ƙirji, ya ɗauko takardar a cikin gilashinta, ya miƙa masa. Dattijo ya karanta a hankali, ya ɗago ya dubi Alhaji kallon da ban taɓa ganin an yi wa babba ba.

"Dukacita baƙin ciki ne," in ji shi. "Cewa suka yi suna baƙin cikin sanar da ita ba su karɓi fom ɗinta ba. Idan kuma ka sa kalmar a kan hoton mutum, to ya mutu."

Malam Abdulgani ya dubi kek, ya dubi 'yarsa, ya zauna.

"Alhaji Taju," in ji Hambali, "na ce maka dukan ta ci."

"Malay ɗin tsofaffi ce wannan," in ji Alhaji, gumi na bin wuyansa. "Yanzu an sabunta..."

Hadiyya ce ta katse shi. Ta ratso mutane har gaban Pakcik. Turancinta ba shi da yawa, amma ranar ya ishe ta.

"Baba, sukacita fa?"

"Farin ciki."

Ta juyo a hankali. "Abban Bashira, ina takardar 'yata?"

Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ɗaga babbar riga ya duba na ciki. Ya ce wataƙila tana ofis. Ya ce ko a mota ya bar ta, alhali ba shi da mota. Sai hannunsa ya tafi kansa da kansa. Hadiyya ba ta jira ba, ta fizge hular a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin na aure. Takarda ta faɗo, ta jiƙe sharkaf da gumi, tana ƙamshin turare.

Pakcik ya warware ta da yatsa biyu. Ya karanta, fuskarsa ta washe, sai kuma ya dubi agogo.

"An ɗauke ta. Amma an ce ta zo da wannan takarda ta yi rajista kafin ƙarfe biyar na yau, in ba haka ba a ba wani gurbin."

Huɗu saura kwata, kuma hadari ya riga ya haɗo.

Motar da Hambali ke rabon kifi ita ce kusa. Aka cusa Bashira da Hadiyya da Khaulah da ubanta, Pakcik ya shiga gaba don nuna hanya, Alhaji ya ɗare baya tsakanin kwalaye ba wanda ya gayyace shi. Hular da aka cire wa takarda ta riƙa saukowa tana rufe masa ido, yana turawa sama. Ruwa ya tsuge, motoci suka cushe, Bashira tana riƙe da takardar a gaban na'urar sanyaya mota don ta bushe.

"Hambali, shiga nan!" in ji Alhaji daga baya. "Ga allo can, Jalan Sehala. Hanyar da aka sahale ke nan, kowa na iya bi."

"Hanya mai zuwa ɗaya ce," in ji Pakcik bayan an fassara masa. "Ka shiga ta nan, sai dai a yi maka fostar gaske."

"Abban Bashira," in ji Hadiyya ba tare da ta waiwaya ba, "ka ƙara fassara ko harafi ɗaya, a nan za mu sauke ka da kifin."

Biyar saura minti bakwai suka isa. Bashira ta cire takalmi ta hau bene da gudu, sauran na haki a baya. Ma'aikaciyar ofishin har ta rataya jaka. Ta karɓi takardar, ta shinshina, ta kunna kwamfuta. Ta ba da haƙuri, ta ce kuskurensu ne, ta Turanci ya kamata a aika wa baƙi. Ta buga hatimi, ƙarar ta cika ofishin, Hadiyya ta zauna a ƙasa tana hamdala.

Malam Abdulgani ya matso a hankali, ya tambayi abin da ya hana a karɓi fom ɗin 'yarsa. Da matar ta ji sunan sai ta rufe baki tana dariya, ta ce ai duk ofishin an san wannan fom, har ɗakin shan shayi ya je. Ta ɗauko shi. A gurbin da aka rubuta Umur, wato shekarun haihuwa, an cika: Ba Umar ba ne, Abdulgani ne. A gurbin Jantina, wato mace ko namiji, an cika: Ba ja ba ce, wankan tarwaɗa ce.

"Alhaji," in ji Malam Abdulgani, "sati biyu ka yi kana wannan?"

Matar ta ce sakamakon Khaulah mai kyau ne, ta sake cikawa za a ɗauke ta a zango mai zuwa. Bashira ta riƙe hannun ƙawarta ta ce ita za ta cika mata, yau ɗin nan. Daga nan matar ta miƙa wa Bashira katin ɗaliba, ta yi murmushi.

"Tahniah," in ji ta.

Duk suka san abin da zai biyo baya, ni da aka ba labari ma na sani. Alhaji ya tura hula sama, ya gyara murya, ya ɗaga yatsa. Hadiyya ta zuba masa ido, Hambali ya gyara tsayuwa. Sai idon Alhaji ya sauka a kan fuskar 'yarsa, kumburin kukan kwana biyu bai saɓe ba, ga ƙafarta ba takalmi. Yatsan ya sauko.

"Bashira," in ji shi a hankali, "me ta ce?"

Shekara goma sha ɗaya, ranar ce aka fara jin ya tambayi wani ma'anar kalma. Bashira ta tambayi Pakcik, ta juyo.

"Barka ta ce, Abba."

"To barka, 'yata. Ki yafe mini." Ya share ido da hannun riga. Sai ya ƙara da cewa, "Da ma haka na yi zato."

Suka koma Sentul suka tarar ba wanda ya tafi. Maƙwabta sun haɗa farantansu da dafa-dukarmu, an karanta Yasin ɗin duk da haka tunda an riga an zo da shi, aka yi wa 'yan matan addu'a. Hambali ya ɗauki cokali ya kankare harafin farko na kek, Bashira ta zana S da zoɓo a gurbinsa. Har yau in ka zo benenmu ka ce kana neman Alhaji Tajuddeen, sai an yi tunani. Ka ce Alhaji Dukacita, ko mai gadi zai nuna maka hawa na goma sha huɗu.